Mai Ƙin Littafi Shi Ke Buɗe Shi

Shekara bakwai ke nan tun da muka kai Malam Manu makwancinsa. Cikin damina ya tafi, fadamar Zauro tana cike da ruwa, shi ya sa har yau in na ga shinkafa ta nutse zuwa wuya sai gabana ya faɗi. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagara, don abin da ya bari a hannunmu yana neman suɓucewa, kuma ban san ko za mu iya tare shi ba.

Tun muna makarantar horon malamai nake tare da Manu. Mahaifinsa malami ne a Birnin Kebbi, irin gidan da ake kwana ana tashi a kan manyan littattafai. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Argungu ce, ɗiyar masunta. Yakan ce da tawada da ƙarnin kifi aka yi rainonsa, don haka babu wanda ya isa ya kore shi daga kowane gari. Da muka ajiye aiki, shi ya tara mu, tsofaffin malamai da ma'aikata, ya ce mu zauna mu riƙa karanta tsofaffin littattafan labari na Hausa, waɗanda aka tilasta mana a makaranta da bulala a kanmu har ba mu ji daɗinsu ba. Littafi ɗaya a shekara, kwafi ɗaya yana yawo hannu zuwa hannu, ana karantawa a bayyane. Wannan wata a gidansa na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, wata mai zuwa a Argungu, a zauren Alhaji Gado, tsohon malamin gona da ya koma noman albasa. Ba mu raɗa wa abin suna ba. Zama kawai muke ce masa.

Wajen zaɓen littafi Manu yake da wata ƙa'ida da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba. Ba a ɗaga hannu. Kowa ya kawo nasa, a yi ta gardama har shayi ya huce, shi kuwa yana gefe yana duban wanda ya fi kumfar baki wajen kushe wani littafi. In ya gano shi sai ya miƙa masa littafin nan, ya ce shi zai buɗe shi, da bakinsa, a gidan wanda ya kawo. In ya gama babin farko yana nan kan bakansa, a ajiye, babu mai jin haushi. "Ƙuri'a ta 'yan siyasa ta," in ji shi. "Mu ba mu zo kada kowa ba. Wanda yaƙ ƙi abu daga nesa bai ƙi shi ba tukuna. Shi sa bakinai, shi tauna, sannan mu ji." Sau ɗaya na ga an ajiye littafi, shi ma don gyangyaɗi ya kwashe mai karatun da mai kawowar gaba ɗaya.

A shekararsa ta ƙarshe Alhaji Gado ya kawo wani tsohon littafi. Ba zan faɗi sunansa ba, kada rigimarmu ta tsallaka zuwa gidajenku. Labarin wani gari ne a bakin gulbi da mayaƙa masu tuta suka yi wa ƙawanya, kuma daga bakin mutanen gulbin aka ba da shi. Marubucin ya canza sunayen garuruwa, amma duk wanda ya tashi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya san da wa ake. Tsohuwar gabar kakanninmu ce, wadda aure da kasuwa suka binne amma ba su yi mata rami mai zurfi ba. Ni na fi kowa tayar da jijiyar wuya ranar. Manu ya dube ni ya yi murmushi, ya ce bana an riga an makara, baɗi in Allah ya kai mu ni, Bello, zan buɗe shi a Argungu. Baɗin ta zo ba shi.

Bayan rasuwarsa muka yi abin da kowa ke yi yanzu, muka buɗe zaure a waya. Da dalili. Mai ya yi tsada, gwiwoyi sun tsufa, hanya kuma ta zama abin da iyali ke hana ka bi in rana ta karkata. Zaman wata-wata ya koma na jefi-jefi. Da lokacin zaɓen littafi ya zo, wani ya ce ai wayar tana da wurin jefa ƙuri'a, kowa ya danna daga ɗakinsa, ba hayaniya. Muka ce madalla. Abin da ba mu tsaya muka duba ba shi ne mu na Birnin Kebbi mun fi na Argungu yawa, kuma haka za mu ci gaba da finsu. Kowace shekara Alhaji Gado ya sa littafinsa, kowace shekara ya faɗi. Har muka mai da abin wasa, mu ce Alhaji ya sake jefa homarsa a gulbi ta fito ba ko tarwaɗa. Yakan yi dariya tare da mu, mu kuma muka ɗauka dariyar ta kai zuci.

Bana da aka gama ƙuri'a sai ya aiko da saƙon murya. Na saurare shi har na haddace. "'Yan'uwa, an karanta min ƙuri'a. Kun hi mu yawa, baɗi ma kun hi mu yawa. Manu ya ce min baɗi, ga ta nan tana ta wucewa. Ni yanzu ko an ba ni littahin ba ni ganin baƙi, idon ya tahi. So nai in ji shi cikin jama'a tun ina da kunne. Allah shi bar zumunci." Daga nan wayar ta nuna ya fita. Kafin la'asar sauran mutanen Argungu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba zagi, ba gori. Da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ƙin da nake wa littafin ba shi da tushe ba. Kakana ya raine ni da labarin mutanen nan masu tuta a matsayin bayin Allah da suka bar gidajensu don gyara. Ina saurayi na buɗe littafin, na iske su suna cinna wa rumbuna wuta suna kora mata cikin ruwa, na rufe na jefar, ban sake komawa ba. A ce in zauna a zauren wani in fitar da wannan da bakina, a kan mutanen da nake ambata cikin addu'a? Har gobe abin yana yi mini ɗaci. Amma ban san idon Gado ya kai haka ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai tayar mini da hankali. Mutum yana makancewa a garin da mota ke zuwa ta dawo kafin azahar, mu muna danna masa ƙuri'a daga kan gado.

Nakan tambayi kaina me Manu zai ce da ya ga yau. Wayar ba za ta dame shi ba, mutum ne mai son sabon abu, da shi zai fi kowa cika mu da saƙonni. Ƙuri'ar ce ba zai yarda da ita ba. Ya san abin da muka manta, cewa a ƙaramin zama irin namu in aka fara ƙirga kawuna, garuruwa za a ƙirga. Shi ɗan gida biyu ne, duk sanda aka kada Argungu rabin jikinsa aka kada. Mun yi zaton shi ke riƙe mu don yana da daɗin zama. Ashe bango ne, da ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Na je gaida maiɗakin Manu, Hajiya Ige, na ba ta labari ina neman ta ba ni gaskiya. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafin, kwafin da Gado ya bar wa mijinta, bangonsa ya yi laushi kamar tsohuwar hula.

"Wa yah hi ƙin shi?" ta tambaye ni.

Na ce ai ta sani.

"To, Malam Bello, mi kaka jira? Ni ba ni cikin zamanku, amma ta tagar ga ina jin ƙa'ida."

Da hantsi na shiga motar Argungu. Na iske Alhaji Gado a zaure, ƙamshin albasa ya cika wurin, yana zaune fuskarsa na duban ƙofa amma bai gane ni ba sai da na yi sallama. Da can in na shigo yakan ce ga ɗan malam mai tsoron kwalekwale. Ranar sai ya ce, "Malam, sannu da hanya," ya sa aka kawo mini ruwa da soyayyen kifi kamar baƙon da aka fara gani. Wannan ladabin ya fi mari zafi. Na ce masa na zo da littafin, na zo in buɗe, kamar yadda Manu ya yanke. Ya gyara zama ya ce bismillah.

Na karanta. Da na zo wurin ƙona rumbunan sai zuciyata ta ce in tsallake layi biyu, ai ba ya gani. Na ɗaga kai na ga leɓensa na motsi, yana bin labarin a hankali kamar mai bin liman. Sai na karanta duka, ban rage ko wasali ba. Da na kai ƙarshen babin na rufe, na ce masa har yanzu ba na son littafin, amma ban ce a ajiye ba.

"Kai nan kat tsaya tun kana yaro," in ji shi. "Buɗe tsakiya, inda garin yac ci wuta."

Na buɗe na duba da ido. Ashe ba ƙarfin masu tuta ya ci garin ba. Wasu daga cikin mutanen gulbin ne, masu neman sarautar ɗan'uwansu, suka nuna wa mayaƙa mashigin ruwa, daga baya kuma suka riƙa kama 'ya'yan maƙwabtansu suna musanyawa da dawaki. Marubucin bai raga musu ba ko kaɗan. Laifi tudu ne, ni na taka nawa shekara da shekaru ina hangen babin farko kawai.

"Wanga babi ni ad da ƙin shi," ya ce. "Mutanena na. Shi ya sa nis so mu karanta tare, kowa shi haɗiye nashi gaban ɗan'uwanai. Bisa ƙa'idar Manu ni ka buɗe shi, kuma ba ni da ido." Sannan ya ce, "Ku gidanku ba biyawa kuka yi ma yara ba? To biya min, Bello. Ka hwaɗi, in maimaita. Ina son shi hita ta bakina."

Haka muka yi. Ina karanta jimla, yana maimaitawa da ƙarfi, kamar yadda kakana ke biya wa ɗalibai a zaurensa. Tsoho mai furfura yana faɗin abin kunyar kakanninsa kalma bayan kalma daga bakin jikan masu tuta. A wani wuri ya kasa maimaitawa, na dakata, ya yi mini alama da hannu in ci gaba. Muna nan har aka kira azahar.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya gyaru. Mu biyu ne kawai a kan tabarmar nan. Mutanen Argungu ba su dawo zauren waya ba, Gado ma ya ce shi ya gama da ita. Na faɗa wa namu na Birnin Kebbi abin da ya faru, wasu suka yi shiru, wani ya ce na je na zubar da mutuncin gidanmu, wani kuma ya ce a sake jefa ƙuri'a a kan ko za a bar jefa ƙuri'a. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Na sanar da kowa cewa Asabar ta ƙarshen wata zan koma Argungu da littafin, motar haya tana da wuri. Har yanzu babu wanda ya ce mini zai zo.

To me ya rage na Manu? Gidan Gesse yana nan, an sake masa fenti. Littattafansa suna cikin kwali. Zaman da ya kafa, in gaskiya za a faɗa, yana kwance rai a hannun Allah, kuma mai yiwuwa ba zai tashi ba. Abin da na tabbata ya rage shi ne ƙa'idar nan tasa, wadda na ɗauka wasan tsofaffi ce sai da na ga ta ɗauke ni daga ɗakina ta kai ni inda ba na son zuwa. Zumunci a ƙafa yake, shi kuwa ya ƙara da cewa a baki ma yake, wajen faɗin abin da ba ka so a gaban wanda ya so shi.

Allah ya haskaka kabarinka, Manu, ya yafe maka, ya haɗa ka da iyayenka na tawada da na gulbi a inuwa ɗaya. Alƙawarin da ka ɗaukar mini na fara cika shi, a makare. Da zan fito daga zauren, Gado ya riƙe hannuna ya ce in na dawo in shiga kwalekwale mu tsallaka mu ga albasarsa, in dai ɗan malam ya daina tsoro. Na ce masa ban daina ba, amma zan zo.