Ciyaman Cikin Harami

Gadar garinmu ta karye tun kafin in zo Jidda aiki a tashar jiragen ruwa, kuma har yau a karye take. Gada ma dai don kar a raina ta ne, wani babban kwalbati ne a kan rafin da ya raba mu da hedikwatar ƙaramar hukuma, inda asibiti yake. Da rani ba mai damuwa, babur na ratsa yashi ya wuce. Da damina kuwa sai an ɗauki mutum a kafaɗa. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kowane wata sai ta ga likita. Duk ranar da aka ce min an yi ruwa a gida, ina tsaye tsakanin kwantenoni amma ba abin da nake gani sai tsohuwar nan a wuyan wani ƙato, takalmanta a hannu.

Da aka ce ciyaman ɗinmu zai zo umara, kuma zai ya da zango a Jidda ya ci abinci da 'yan ƙasarsa, na ce to, yau ga ni ga shi. A gida ba ka ganinsa, sai dai hotonsa a jikin bango. Nan kuwa faranti ɗaya za mu sa hannu. Wani abokin aikina ɗan ƙabilar Zulu, wanda ya ce su ma a ƙauyensu ba sa ganin kansila sai zaɓe ya matso, ya ba ni shawara in tare shi kafin ya ƙoshi.

A unguwar Ammariyya aka yi zaman, gidan wani dattijo haifaffen Jidda da kakansa ya taso daga yankinmu a ƙafa zuwa hajji. Bai taɓa ganin rafin nan ba, amma duk babban da ya zo daga gida a wurinsa yake sauka.

Bayan azahar sai ga ciyaman ya shigo cikin harami, fararen tawul biyu, tumbi na leƙowa, yana talbiyya ƙasa-ƙasa. Na bari aka gaisa, kafin a kawo shinkafa na gyara zama.

"Ranka ya daɗe, maganar gadar nan tamu..."

Dattijo ya damƙe min gwiwa. "La, la, ya waladi, aib! Abin kunya ne, ɗana. Mutum yana cikin harami, ba a jayayya da shi. So kake ka ɓata masa umara?"

"Baba, ba jayayya ba ce, tambaya ce."

"Duk ɗaya ne. Halas, shi ke nan, bari ya sauke haramin."

Ciyaman ya yi wani murmushi da har yau in na tuna raina ke ɓaci. "Ƙyale shi, Baba, ɗanmu ne. Da na kammala zan biyo ta nan mu zauna sosai."

Da ya cinye rabin rago ya sha shayi, sai ya haɗa hannuwa ya sunkuyar da kai. Ya ce zai je ɗakin Allah, duk wanda ya yi wa ba daidai ba, mu da iyayenmu na gida, don Allah a yafe masa. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun yafe!" Mutanen da jiya-jiyan nan suke tsine masa a waya su ne suka fi ɗaga murya. Sai kuma aka hau ba shi saƙon addu'a, wannan a roƙa masa sabunta iƙama, takardar izinin zama, wancan Allah ya sassauta zuciyar kafilinsa, ubangidan da takardunsa ke hannunsa. Mu da muke iya zuwa Makka kowace Juma'a a motar haya! Ni dai ban ce na yafe ba, kuma ba wanda ya lura. Abin da na iya kawai shi ne na miƙa wa mai riƙe masa jaka magani da na'urar gwada hawan jini a kai wa mahaifiyata.

Bai biyo ta Jidda ba. Daga Makka ya wuce Madina, daga can jirgi ya ɗaga da shi. Da na yi ƙorafi, dattijo ya ce in yi sabur, wato haƙuri, mutum baƙon Allah ne.

Ana tsakiyar damina mahaifiyata ta kira ni, muryarta cike da murna.

"Saƙonka ya iso. Ciyaman da kansa ya kawo, ka ji mutumin kirki."

"Har gida, Inna?"

"Ina motarsa za ta bi? A ƙetare ya tsaya, aka ɗoro kayan a ka aka hayo da su. Duk gari mun fito bakin ruwa, ya ɗaga mana hannu."

"Ba wanda ya yi masa maganar gadar?"

"Haba kai kuwa. Mutum ya dawo daga ɗakin Allah, ko hutawa bai yi ba?"

Ta ce wannan watan dai ba ta samu zuwa asibiti ba, ruwan ya kai wa maza ƙirji, ba mai yarda ya ɗauke ta. Sai ta tambaye ni yadda ake kunna na'urar.