Illo, Direban da Ke Hawa Dutse da Baya

Kullum bayan sallar asuba, kafin masinja ya buɗe ofis, Malam Illo ya riga ya shige ƙarƙashin tankar ruwa ta ƙaramar hukuma da sifana a hannu. Ya ɗaure abin da ya kwance jiya, ya toshe inda ke yoyo da tsumma da sabulu, ya goge hannu a wando, ya yi bismilla ya tayar. Wannan mota, wallahi ko mai sayen gwangwan sai ya yi tunani kafin ya taya ta. Amma da ita ya shayar da ƙauyukan Gobir a shekarun fari, lokacin da gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe.

Makon jiya ya yi ritaya. An yi taro, an sha jawabai, shugaban taron kuma ya yi ta kiransa Jibrilla. Jibrilla! Mutumin da ya tsufa a ƙofarku? Haushin wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani ƙauye a kan dutse, can gaba da Tozai, ana ce masa Tudun Na'Allah. A shekarar da fari ya fi tsanani, mutanensa suka fara ɗaure kaya suna gangarowa da dabbobinsu. Wata mata mai suna Hajo ba ta da halin tashi: 'yarta Fadima ta haihu, jiki ya ƙi daɗi, ga jariri, ga babu ruwan wankan jego. Majalisar ƙaramar hukuma kuwa ta zauna, ta sha shayi, ta yanke cewa tanka ba za ta iya hawa dutsen ba. Sai aka tura Illo a kan babur ya je ya ba su haƙuri. Ku ji fa! Mai ruwa aka aika da saƙon babu ruwa.

Ya isa da rana tsaka, ya yi sallama a ƙofar Hajo. Kafin ya buɗe baki ta shiga ɗaki, ta karkata randa, ta kankare gindinta da moɗa, ta fito da wani ruwa jajawur, ta durƙusa ta miƙa masa.

"Inna, a bar wa mai jego," in ji Illo.

"A'a, ɗana," ta ce. "Baƙo ya hawo dutsen ga da rana, in bar shi da ƙishi? Sha, sannan ka faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya sha, yana jin laka a haƙoransa. Kunya ta rufe shi. Abin da ya iya fitowa kawai shi ne, "Gobe za ni kawo muku ruwa, in Allah ya so."

Washegari kuwa ana jiran wani babban baƙo daga birni. Sakatare ya ba da umarni a cika tanka a yayyafa wa hanya ruwa, kada ƙura ta ɓata wa baƙo babbar riga. A shekarar da shanu ke faɗuwa da ƙishi! Illo ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya cika tanka, ya fita ƙofa, ya karya kan mota ya nufi Tozai.

A gindin dutse motar ta yi tari, ta yi gurnani, ta mutu. Sai ya juya ta ya sa ribas, domin a tsohuwar mota irin wannan ribas ta fi giya ɗaya ƙarfi. Ya buɗe ƙofa, ya leƙo da kai, ya fara hawa da baya. Labbo makiyayi, wanda aka yi a gabansa, ya ce maza na biye da duwatsu a hannu, da ta tsaya numfashi sai su cusa mata a gindin taya. Ran nan Fadima ta yi wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya, waɗanda suka ɗaure kaya kuma suka kwance.

Ladansa? Baƙo ya sha ƙura, Illo ya sha faɗa, aka ƙwace makulli aka mayar da shi gadi. Ba a daɗe ba aka dawo masa da shi, ba don an gane kuskure ba, sai don an rasa mai yarda ya tuƙa wannan akwala. Ya ci gaba da hawa da baya har aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse.

Kai ne, Illo na Hajo, mai hawa da baya. Kai ne wanda wuyansa ya karkace har yau saboda waige, ba ka taɓa kai ƙara ba. Kai ka ɗauki moɗa ɗaya ta laka a matsayin amana.

Ana shirin tashi daga taron ritayar nan sai ga Hajo, ta tsufa tukuf, jikan nan nata da aka haifa cikin fari ya kawo ta a babur. Ta ratsa manyan kujeru ba ta dubi kowa ba, ta buɗe faifai a kan ƙwarya, ga ruwa garau.

"Wancan karo mai laka na ba ka, ɗana, abin bai bar raina ba," ta ce. "Ga mai kyau."

Illo ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya sha har ya jiƙa gemu.

Mun gode, Malam Illo, Allah ya shayar da kai ranar ƙishi. Ku kuma masu riƙe da makullan hukuma a yau, ku yi koyi da shi. In hawan dutsen ya fi ƙarfinku, ku fara da koyon sunansa.