Maganin da Muka Raba Ni da Rifkatu

Assalamu alaikum. Na fi shekara ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na daina kula mutane, Allah Ya amsa bakinku. Jinya na yi, kuma sai yau na ji zan iya ba da labarinta.

Da ɗan tari ya fara. Sai zazzaɓin yamma, sai rama, har zani ya daina zama a ƙuguna. A ofis ana tsokanata wai na shiga sahun masu rage ƙiba. Ranar da na ga jini a hankicina, mijina Baban Ilham bai tsaya jin ta bakina ba, ya ɗauko makullin mota.

An gwada kakina a wata na'ura, aka ce tarin tibi ne. Likita ya ce, "Hajiya, wata shida za ki yi kina shan magani, ko rana ɗaya kar ki tsallake. Kyauta ne."

Ban taɓa tambayar wa ke biyan kyautar ba.

A layin karɓar magani na haɗu da Rifkatu, malamar firamare, daga Mando take zuwa, ni daga Kurmin Mashi. Benci ɗaya muke zama, kowa da takunkuminsa. Bakinta ba ya shiru. Takan ce, "Maman Ilham, wannan takunkumin ya fi ki ƙiba fa." Ita ce ta sa na daina kuka a layi.

A wata na uku na karɓi maganin wata guda. Bayan kwana biyu Rifkatu ta je karɓar nata, sista ta ce babu. Ashe daga ƙetare ake tallafawa. Can shugabanni sun sauya ra'ayi sun dakatar da tallafin, namu na nan kuma ba su yi tanadin komai ba. "Ki dawo mako mai zuwa," in ji sista. Makon ya zo, aka sake cewa mai zuwa.

Sai ga Rifkatu a gidana, wai ta zo duba ni. Ba ta roƙe ni komai ba.

Na ce, "Malama, naki fa?"

Ta ce, "Ya ƙare tun waccan Talatar. Allah na nan."

Ku gaya mini, wa zai haɗiyi magani baƙuwarsa na zaune tana tari? Ba haka aka rene mu ba. Na ɗauko almakashi na raba abin da ya rage mini gida biyu. Ƙwaya huɗu nake sha kullum, muka koma bibbiyu. Sau uku tana ture hannuna tana cewa, "Haba Maman Ilham, ke fa?" Na ce yadda ake raba miya da maƙwabta haka za mu raba wannan.

Ban gaya wa likita ba, ban gaya wa mijina ba. Har daɗi na ji a raina, ina ganin na samu lada.

Namu ya ƙare, muka yi makonni ba ko ƙwaya. Da magani ya dawo muka ci gaba da sha, amma tarin ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Aka ce a sake gwaji, sai ga na'ura a zaune ba aiki, don 'yar robar da ake zuba kakin a ciki ita ma daga ƙetare take zuwa. A asibitin kuɗi aka yi mini, sai da na sayar da 'yan kunnena. Rifkatu ta ce mini an yi mata. Ashe ba a yi ba, jiran na'urar take yi.

Da sakamako ya fito na faɗa wa likita gaskiya.  Ya ce, "Hajiya, rabin magani ba ya kashe ƙwayar cutar, koya mata jurewa yake yi. Yanzu wancan maganin ba ya yi miki aiki." Ya ƙara da cewa yankewar maganin kaɗai ma tana iya jawo haka. Na ji shi, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Aka kwantar da ni, aka sauya mini magani. Amai, jiri, ƙafafu kamar ba nawa ba, gwajin jini da na zuciya ba iyaka. Ilham, 'yata mai shekara biyar, ta taga kawai take ganina. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba.

Bayan mako uku aka kawo Rifkatu ɗakinmu, gado biyu tsakaninmu. Da ƙyar na gane ta. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. "Kar ki sa wa ranki komai. Da kin hana ni, da har yau ba na gaishe ki."

Ta rasu wata Alhamis da hantsi. A ƙauyensu aka binne ta, ban samu zuwa ba.

Ni kuma bayan wata tara aka ce kakina ya fita tas. Alhamdulillah. Ƙafata ta hagu har yanzu ba ta gama dawowa daidai ba, amma ina rungumar 'yata.

Na gode wa Allah, na gode wa Baban Ilham da bai gaji ba, da sistocin da suka sha masifata alhali ba laifinsu ba ne. Waɗanda suka sa hannu a takardar dakatar da tallafin can, da namu da suka naɗe hannu nan, ba su san an yi wata Rifkatu ba. Har yanzu ina jin haushinsu, kuma ban yi niyyar dainawa ba.

Shawarata: tarin da ya wuce mako biyu, ku je a gwada. In an ce magani ya yanke, kar ku koma gida ku yi shiru. Ku tambayi wani asibitin, ku gaya wa likita ranar da naku zai ƙare, ku dami wakilanku har su gaji da ku. Kuma kar ku raba maganinku da kowa, ko uwarku ce.

Na faɗa muku, don abin da likita ya ce ke nan, kuma gaskiya ce. Amma wallahi da Rifkatu za ta sake shigowa gidana yau tana tari, ban san ko zan iya bin shawarar nan ba.