Ranar da Gwaggo ta Nemi Almakashi

Ƙaramin almakashin shagon Gwaggo yana rataye a ƙusa ɗaya tun ina firamare, ban taɓa ganin ya sauko ba. Har ƙura ta zana siffarsa a jikin bango. Babban almakashi shi ke yanka yadi. Zare kuwa da haƙori Gwaggo take yanke shi: ta ja ɗinkin zuwa bakinta, ka ji ƙit, ta tofar da guntun gefe, maganar da take yi ko tuntuɓe ba ta yi ba. Wata safiya na shigo na tarar ƙusar ba komai, sai farin zanen almakashi a cikin ƙurar. Na duba, sai ga shi a kan cinyarta, ta lulluɓe shi da ƙyalle kamar kayan sata.

Gwaggo yayar babana ce, tela ce tun kafin a haife ni. Da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, Baba ya ce in na ci gaba da kulle kaina a ɗaki da littafi zan manta yadda ake gaisuwa, ya tura ni shagonta in riƙa sa maɓallai. Ta ba ni kujera a lungu, kusa da labulen gwada kaya, ta kuma ba ni suna, Mai Digiri. Ba na yawan magana, ita kuwa tana yin ta mutum biyu, don haka muka zauna lafiya.

A unguwar nan ba da ɗinki aka fara sanin Gwaggo ba, da dariya aka san ta. Mai gyaran waya da ke tsallaken titi ya ce ba ya duba agogo, da ya ji ta ƙyalƙyale ya san an buɗe shaguna. Tana da wushirya, da haƙoran gaba farare jere da juna, kuma ba ta rowar nuna su. Sai dai haƙoran nan ma'aikata ne a shagon kamar kowa. Su ke riƙe allura idan hannu ya cika, su ke riƙe bakin tef in tana awo, su ke buɗe murfin man keke. Mijinta, Baba Direba, yakan tsaya da motarsa da rana ya sha ruwa ya ba da labarin fasinjoji, kuma ba ya tashi sai ya faɗi maganarsa ta kullum: shi haƙoran nan ya aura, sauran matar gyara aka yi masa.

Bayan almakashin, sai na fara ganin sauran. Ta koma barin shayinta ya huce sarai kafin ta kurɓa. Biredi sai ta gutsura da hannu ta tura can gefe. In abin dariya ya zo, sai ta kamo bakin mayafinta ta kare baki, dariyar ta fito a shaƙe kamar atishawar da aka danne. Masu kawo ɗinki ba su lura ba, su dai a gama musu kayansu.

Wanda abin ya dama shi ne Baba Direba, shi ma ba ta inda ya kamata ba. Ya same ni a bakin famfon bayan shago, ya rage murya ya tambaye ni ko labaransa ne suka tsufa. Ya ce kwanan nan duk wanda ya kawo, gwaggon taki sai dai ta yi murmushi baki a rufe kamar wadda aka kawo wa sammaci. Har a tasha yake zama bayan ya sauke fasinja, yana kasa kunne ko zai tsinci sabo. Na ce labaransa lafiyarsu ƙalau. Ya ce ke ma ai ba ki yi dariya ba jiya. Na sake wanke hannun da na riga na wanke.

Asirin ya tonu ne a kan farar riga. Wata malamar makaranta ta zo karɓar rigar ɗanta, tana ba da labarin yadda akuya ta shiga ajinta ta ƙi fita. Gwaggo tana ƙarasa kalmasar wuya tana saurare, hannunta ya manta, ya kai zaren baki. Ban ji ƙit ba. Na ga ta runtse ido, na ga jan ɗigo a kan farin wuyan rigar. Nan take ta ninke ta, ta ce wa malamar saura guga, ta dawo da yamma.

Guga kuwa aikin Mai Guga ne, wani dattijo da ke da tebur a barandar shagon, abokin tsokanar Gwaggo tun tana da keke ɗaya. Haƙoransa na roba ne, kuma a aljihu yake ajiye su, wai tururin dutsen guga yana sassauta su. Ya warware rigar, ya ɗaga ta sama, ya leƙo.

"Mai Dariya, wa kika yanka?"

"Allura ce, Tsoho. Yi aikinka."

"Allurar da ke sukar mutum a baki? Buɗe mu gani."

Ta dube shi, ta dube ni, ta tashi ta saki labulen ƙofa. Sannan ta buɗe baki ta sa harshe ta tura haƙorin gaba na sama. Ya motsa. Kaɗan ne, amma ya motsa, dasashin da ke kansa kuma ya kumbura ya yi ja.

Ta ce an jima da fara ganin jini in tana goge baki. Da ta ga haka sai ta yi abin da duk tela mai hankali zai yi, ta daina taɓa wurin. Yadin da bakinsa ya fara tsefewa, wa ya taɓa bin sa da buroshi? Sai a lallaɓa shi. Ta bar haƙoran gaba su huta, tana goge na can ciki kawai, tana kurkure sauran da ruwa. Abin mamaki, in ji ta, duk hutun nan da ta ba su sai ƙara lalacewa suke yi, kamar 'ya'yan gata. Wurin likitoci kuwa ba ta zuwa, don ta san halinsu: ka shiga da haƙori, ka fito da auduga. In aka cire wannan, wushiryarta ta zama ƙofar gari, Direba kuma ya zauna da gyara kawai.

Mai Guga ya sa hannu a aljihu ya fito da haƙoransa, ya riƙe su a tafin hannu yana buɗe su yana rufewa, ƙwas-ƙwas, kamar su ke maganar. Ya ce kada ta damu, in ranar ɗaukar hoto ta zo zai ara mata, sai dai ta dawo da su kafin lokacin cin abinci. Gwaggo ta jefe shi da ƙyalle, dariya ta kubce mata, ta dafe baki tana cewa Tsoho zai kashe ta. Da ya mayar da su aljihu sai ya faɗi ta gaskiya. Shi ma da jini ya fara, shi ma lallaɓawa ya yi, ranar da ya je wurin likita ba a sami abin ceto ba.

Sai na ji muryata ta fito ba tare da ta nemi izinina ba.

"Gwaggo, gobe zan raka ki asibiti."

Ta juyo ta ƙare mini kallo. "Ashe Mai Digiri na da baki."

Washegari ta ci ado kamar mai zuwa karɓar kyauta. Kafin mu fita ta tsaya gaban madubin shago, ta yi wa haƙorin dogon kallo, ta ce ya yafe mata, sun sha aiki tare. A ɗakin jira ta ɗora jaka a cinya ta rungume, tana auna mutane da ido don ta ɗauke hankalinta: wancan kafaɗar rigarsa ta sauka, waccan an cuce ta a tsawo. Da aka kira ta sai ta ce in shiga gaba.

Likitar budurwa ce, da kaɗan ta girme ni. Ta kwantar da kujerar, Gwaggo ta tafi baya a hankali tana salati, ta kai ƙasa ta ce ai wannan ta fi gadonta laushi. Likita ta haska fitila, ta duba, ta ce, "Mama, ɗinki kike yi?"

Gwaggo ta harare ni ta gefen ido. Na girgiza kai. Likita ta ba ta ƙaramin madubi ta nuna mata wata 'yar tsaga a bakin haƙorin, daidai kaurin zare, hanyar da zaren shekaru ya sassaƙa wa kansa. Ta ce wannan mai sauƙi ne, za a cike ta. Babbar matsalar dasashi ce: datti ya taru ya daskare a gindin haƙoran, shi ke kawo kumburi da jini, kuma barin gogewar nan shi ya ba shi wurin zama. Gwaggo ta so ta kawo maganar yadi, amma an riga an sa mata ƙarfe a baki.

Aka kunna injin wankin haƙori, yana wani siririn kuka. Na zaci nan za ta tashi ta gudu. Sai na ga idonta ya tsaya cak a wuri ɗaya. A bakin hannun farar rigar likitar akwai zare, dogo, ya saki, yana reto daidai saitin hancin Gwaggo. Likita ta matsa hagu, zaren ya bi ta, idon Gwaggo ya bi zaren. Ta matsa dama, haka. Leɓenta na sama ya fara rawa. Tsoro ya tafi, ba abin da ya rage a duniya sai wannan zaren da baki buɗe a ƙarƙashinsa.

"Mama, kada ki rufe baki."

Ni kuwa ina lungu na cusa fuska a jakarta, kafaɗuna suna girgiza, hawaye na zuba. Ma'aikaciyar da ke riƙe da bututun tsotse ruwa ta ɗauka tausayi ne, ta ce in yi haƙuri, an kusa gamawa.

Ana ɗago kujerar, ko kurkure baki ba ta gama ba, Gwaggo ta cafke hannun likita ta ja shi zuwa bakinta. Saura kaɗan ya kai, sai ta tsaya. Kowa ya tsaya. Ta dubi zaren, ta haɗiye miyau, ta ce da muryar wadda ta yi babban rashi, "'Yata, kuna da almakashi?"

Likita ta yi dariya har sai da ta zauna. Aka kawo almakashi, Gwaggo ta yanke zaren, ta ce a kawo mata rigar a shagonta ta bi bakin hannun da keke.

Ba a cire haƙorin ba. Likita dai ba ta yi alkawari ba. Ta ce in Gwaggo ta riƙa gogewa safe da kafin kwanciya, da buroshi mai laushi, a hankali har gindin dasashi, ko da ta ga jini a farko, in kuma ta sallami haƙoran daga aikin shago, mai yiwuwa ya kama ƙasa. Sannan ta miƙa mata wani ɗan ƙaramin gwangwani ta jawo zare daga ciki, ta nuna mata yadda ake bi da shi tsakanin haƙora. Gwaggo ta ce ikon Allah, an hana ta zare an ba ta zare. Ta naɗe shi a yatsa ta ja, ta ce wannan ko maɓallin rigar jariri ba zai riƙe ba, amma za ta gwada.

Daga ranar shagon ya zama ofishin tsaro. Na zura ƙaramin almakashin a tsohon tef na rataya mata a wuya. Mai Guga ya juya teburinsa yana fuskantar ciki, da ya ga hannunta ya nufi baki sai ya buga dutsen guga a tebur, ta zabura ta zage shi ta sauke hannu. Kwanakin farko takan zo da safe rai a ɓace ta ce har yanzu da jini, likitar nan yarinya ce. Daga baya ta daina kawo maganar, na gane jinin ya ɗauke.

Baba Direba ya ji labari ne da ya ga almakashi a wuyanta. Ya zauna a kan kujerata ya saki dogon numfashi, ya ce alhamdulillahi, ashe ba labaransa ne suka mutu ba. Gwaggo ta ce au, abin da ya dame ka ke nan? Ya ce to me? Ko duk sun zube, shi ba ya mayar da kayan da ya saya, balle gyaran ya fi kayan yawa.

Ranar komawa ita ta shiga gaba. Likita ta taɓa haƙorin ta nan, ta taɓa ta can, ta ce ya zauna, dasashin ma ya sauka, ta cike tsagar. Muna isa shago Gwaggo ta tsaya a ƙofa ta buɗe wa Mai Guga baki gaba ɗaya, ta ce ya riƙe kayan aronsa. Ya ce dama ba za su yi mata ba, bakinta ya yi musu yawa. Dariyar da ta saki ta sa mai gyaran waya ya ɗago kai daga tsallaken titi ya ɗaga mana hannu da sukurdireba.

Ta zauna a kan keke ta ƙarasa wata riga mai ruwan toka da ta bari tun safe. Da ta kai ƙarshen kalmasa ta laluba wuyanta, ta ɗauko almakashin ta yanke zaren, ta miƙo mini rigar in sa maɓallai.