Ramin da Idi Mai Tumaki Ya Rufe

Mutanen unguwar Mansur, a birni mai tsarki, sun san Idris da sunan Idi Mai Tumaki, amma kaɗan ne a cikinsu suka san ɗan gidan maharba ne. A wani ƙauye bayan Mirriya, ƙasar Damagaram, aka haife shi. Tun bai kai tsayin bindigar ubansa ba ya iya duban ƙasa ya faɗi dabbar da ta wuce, da girmanta, da ko a ƙoshe take. Ya zo aikin Hajji shi da ƙanensa Maman shekara ashirin da biyu da suka wuce, da alhazai suka koma gida su ba su koma ba. Sun yi dako, sun yi wankin mota, daga ƙarshe suka sami kiwo.

Mai tumakin sunansa Majid, haifaffen unguwar Utaibiyya, jikan wani alhaji Bakano, Hausarsa rabi Larabci ce, Ammi yake kiran Idris, wato baffa. Garkensa yana cikin wani kwari a kudu da gari, an wuce unguwar Ka'akiyya, an wuce alamun iyakar Harami da tafiya mai ɗan nisa. Can 'yan'uwan biyu suka yi shekara tara a rumfar kwano. Idris yana shigowa gari ran Alhamis wurin matarsa Nasiha, mai sayar da waina a Mansur. Maman kuwa iyalinsa suna gida, shi ya sa ya fi zama da dabbobin, har ya san kowace tunkiya da halinta.

Wani dare cikin sanyi, wata tunkiya mai tsohon ciki ba ta dawo da sauran ba. Maman ya bi sawunta, ya same ta a gindin tudu tana naƙuda, ya durƙusa a kanta yana taimaka mata. Idris yana rumfa yana dafa shayi ya ji ƙara daga nesa, kamar an karya busasshen kara. Kunnensa ya san ƙarar, amma zuciyarsa ta ce masu farauta ne can bayan duwatsu, ba ruwansa. Sai da shayi ya huce, ya sake ɗumama shi, ya sake hucewa, sannan ya ɗauki fitila ya fita. Ya yi ta kewaya kwarin yana kira. Awa uku tsakanin ƙarar da lokacin da ya sami Maman.

Harsashin ya farfasa ƙashin ƙafar dama a ƙasan gwiwa. Majid ya zo da mota, ya kai shi ƙofar asibiti. A hanya Maman ya ce musu, "Kada wanda ya shiga da ni. Zan ce a bakin titi abin ya same ni, ban san wuri ba." Ya san in aka gano garken, za a kama yayansa saboda rashin iƙama, wato takardar izinin zama, a hukunta Majid saboda ɗaukar marasa takarda aiki. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka yanke ƙafar. Da ya warke aka maida shi gida kamar yadda doka ta ce. Idris bai ko iya zuwa sallama da shi ba.

Washegarin harbin, tun rana ba ta fito sosai ba, Idris ya je ya karanta ƙasa. A kan tudun da ke fuskantar wurin, nisan da ba a gane fuskar mutum ko da rana, ya ga sawun babbar mota da kwankon harsashi guda. Ya ga sawun mutum biyu sun gangaro. Ɗaya ya tsaya a rabin hanya. Ɗayan, mai faɗin takalmi, mai taka ƙasa da gefen ƙafa, ya zo har taku goma sha biyar daga inda jinin yake. Nan ya tsaya, ya ɗan jima, don sawun ya nutse. Sannan ya juya da gudu.

Wannan taku goma sha biyar shi ne ya hana Idris barci. Kuskure yana faruwa da kowane maharbi, ubansa ma ya taɓa harbin jakin mutane. Amma wannan ya zo, ya ga mutum ne, ya ji nishinsa, ya tafi ya bar shi.

Bayan wata biyu Majid ya zo garke fuskarsa ba daɗi, ya miƙa masa waya.

"Ammi Idris, wani ya turo mini wannan. Ban so in nuna maka ba, wallahi, amma ban iya riƙe shi ni kaɗai."

Hoto ne mai motsi, baƙi da fari. Duwatsu sun fito toka-toka, a tsakiya ga wasu abubuwa biyu farare tas, ɗaya a kwance, ɗaya ya sunkuya a kansa. An rubuta da Larabci cewa kyarkeci ne a kan tunkiya. Idris ya gane tudun, ya gane yadda ƙanensa yake karkata kafaɗa in ya durƙusa. Farin abin da ya sunkuya ya faɗi, wata murya ta ce cikin dariya, "Ka same shi, ya Muhannad." Nan aka yanke hoton.

"Yaya aka yi ya gan shi cikin duhun nan?" in ji Idris.

"Darbil harari suke ce masa. Madubi ne da ake ɗaurawa a kan bindiga. Ba haske yake gani ba, zafin jiki yake gani. Duk abin da ke da rai fari yake fitowa, ko daga nesa ne. Shi ma yake ɗaukar hoton."

"Yana bambanta mutum da dabba?"

"In nesa ta yi yawa, sai mai kallo ya yi haƙuri ya tabbatar."

"Kai wannan wurin hukuma."

Majid ya sunkuyar da kai. "In na kai, za su tambayi garken wa. Ina da yara, Ammi."

Idris bai sake yi masa maganar ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya ce a samo masa irin madubin nan ya gani. Majid ya aro na hannu, wanda ba na bindiga ba, wurin wani abokinsa mai raƙuma, ya bar masa mako biyu. Dare goma sha huɗu Idris yana kan dutse yana koyon idon maƙiyinsa. Ya ga da farkon dare duwatsu suna riƙe da zafin rana, komai ya cakuɗe, sai can tsakar dare dabba take fitowa fili. Ya ga abin da ya ɓuya bayan dutse ba ya fitowa ko kaɗan. Ya ga butar shayinsa tana haske kamar mai rai. Ya daɗe yana kallon butar nan.

Nasiha ce ta fara gane abin da ke ransa. Ya daina cin abinci sosai, in ya zo ran Alhamis sai ya zauna a bakin ƙofa yana maimaita hoton, don ya sa Majid ya tura masa.

"Malam, goge wannan abin," ta ce masa. "Yana cinka."

"Shi da ya yi bai goge ba. Ya yanke ƙarshen, ya watsa wa duniya su yaba masa."

"To me za ka yi? Kai da ko sanda mai kyau ba ka da ita."

"Ubana bai kashe gyado da bindiga ba ko sau ɗaya, rami yake yi masa," in ji shi, ya miƙe ya tafi masallaci.

A gindin wani tudu, gabas da garke, akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe, zurfinta ya kai tsayin mutum biyu, ƙasanta duk duwatsu. Idris ya rufe bakinta da rassan ƙaya da tsofaffin buhuna, ya baza yashi da tsakuwa, har shi kansa sai ya ƙirga taku yake gane wurin. Ya kange tumakinsa daga gefen nan gaba ɗaya. Ya ɗinka salka da fatar akuya, ya ɗora ta a kan ƙafafun itace huɗu, ya ɗaura mata doguwar igiya. Ya ajiye ta yadda duk wanda ya gangaro daga tudu zai ɗauko ta, hanya ɗaya ce tsakanin manyan duwatsu biyu, kuma ta kan rijiyar ta bi. Sannan duk lokacin da ya je gidan mai na bakin titi sayen burodi, sai ya yi ƙorafi da ƙarfi cewa wani ƙaton kyarkeci ya addabe shi a gabashin kwari.

Sanyin shekarar ya wuce ba wanda ya zo. Ya jira zafi ya wuce, ya sake gyara murfin rijiyar. Da sanyi ya dawo, motar ta zo sau biyu, fitilu a kashe, amma mutum uku ne a ciki. Idris ya kwanta bayan dutse bai motsa igiya ba. Da safe ya je ya duba, ya sami sawun mai taka ƙasa da gefen ƙafa a cikinsu. A karo na uku ƙofar mota ɗaya ce ta buɗe.

Ya cika salkar da ruwan ɗumi tun da ya ji ƙugin mota daga nesa. Ya koma maɓoyarsa, ya ja igiya a hankali, ya tsaya, ya sake ja, yadda dabba take yi in tana shinshina ƙasa. Bai daɗe yana ja ba ƙarar ta zo, salkar ta fashe ta kife. Ya ji taku yana gangarowa da sauri, ga fitilar goshi tana rawa. Sai ƙarar rassa, sai ƙarar abu mai nauyi a kan dutse, sai ihu.

Idris ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Bindigar ta faɗi a bakin ramin, ya ture ta gefe da ƙafa, ya leƙa. Saurayi ne da bai wuce talatin da biyu ba, da gyararren gemu, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe ta inda ba gaɓa.

"Kai ne Muhannad?" ya tambaye shi da Larabcinsa na kasuwa.

"Taimake ni, ya Hajj, don Allah. Ƙafata."

"Bara, a gindin wancan tudun, ka harbi kyarkeci. Ka zo ka duba shi. Da wane harshe ya yi maka magana?"

Saurayin ya ɗaga kai ya dube shi.

"Tsoro na ji," in ji Muhannad. "Wallahi ban yi da gangan ba. Na ɗauka ya mutu."

"Wanda ya mutu ba ya kiran sunan Allah. Ka ji shi. Kuma ka watsa hoton."

Ya ciro wayarsa, ya hau kan dutse inda ake samun layi, ya kira gida. Maman ya ɗauka da muryar barci. Idris ya gaya masa komai a taƙaice, ya miƙa wayar bakin rami don ya ji nishin.

"Wace ƙafa ce, Yaya?"

"Ta hagu."

"Tawa ta dama ce." Sannan ya ce, "Kada ka bar shi ya mutu a nan. Ba na son jininsa a wuyanka."

"Ba zai mutu ba. Awa uku zai yi."

Ya zauna a bakin ramin da agogo a hannu. Muhannad ya roƙe shi, ya yi masa alkawura, ya zage shi, ya yi kuka, ya koma roƙo. Idris kuwa agogo yake kallo. Da ya nemi ruwa ya jefa masa gora, don ya tuna Maman ya ce ƙishi ya fi ciwon damunsa a daren nan. Ya kwance madubin daga kan bindiga, ya ɗora shi a kan dutse, ya sa wani dutsen ya daka shi har ya zama gari, ya zuba garin cikin ramin. Da awa uku suka cika daidai, ya ɗauko wayar Muhannad daga mota ya jefa masa, ya ce ya kira masu ɗaukar marasa lafiya. Ya tsaya har ya ji ya kwatanta musu wurin, sannan ya kora tumaki ya bi da su ta bayan duwatsu.

Ya damƙa wa Majid dabbobinsa a ranar, ya ce ya nemi wani makiyayi. Majid bai tambaye shi dalili ba. Daga baya labari ya zo Utaibiyya cewa wani mai farautar dare ya faɗa tsohuwar rijiya, an sa masa ƙarfe a ƙafa, yana ɗingishi. Bai ambaci kowa ba, don in ya ambaci Idris sai ya ambaci Maman.

Kafin su miƙa kansu a maida su gida, Idris da Nasiha suka je Harami suka yi ɗawafi. Ya roƙi gafara a kan abubuwa da yawa, amma da ya zo kan ramin sai bakinsa ya tsaya. Nasiha ta tambaye shi a hanya ko ya tuba.

"Tuba sai da nadama," ya ce mata. "In ta zo zan yi. Ba ta zo ba tukuna."

Yanzu yana ƙauyensu, yana noma gonar Maman tare da tasa. Ran kasuwar Mirriya shi yake ɗaukar ƙanen a babur, ya sauke shi a rumfar da yake ɗinkin takalma, ya dawo ya ɗauke shi bayan la'asar.