Gudun da na bari

Shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik nake yawan tunawa. Muna can Sin muna sarin takalma a kasuwar Zhanxi, ni da wata Hajiya 'yar Maraɗi da muke haɗa ɗaki a unguwar Sanyuanli. Kowane shago da talabijin a kunne, mai kaya ma sai ka taɓa shi kafin ya kalle ka.

Wata rana ana nuna tseren mata, na tsaya riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, na manta da ciniki. Hajiya ta zungure ni.

"Ke, lafiya? Ko da 'yar uwarki a ciki?"

Ban san lokacin da na faɗa mata ba. A sakandare ba mai kamo ni a gudu. Na yi aure, shekaru suka ja ba haihuwa, sai gwaggona ta ce gudun nan ne ya girgiza mini mahaifa. Na yarda da ita, har sauri na daina yi a hanya. Kullum ina jin ni na cuci kaina da mijina.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa raina ya ɓaci.

"Yi haƙuri ƙanwata," ta ce. "Wannan zancen ai daga Faransa ya tsufa. Madam ɗinmu ta lakwal, malamarmu a makarantar boko, Bafaranshiya ce. Ta ce zamanin kakarta maza suka hana mata fili, likitoci suka ce gudu zai lalata musu ciki. Sai matan suka kafa ƙungiyoyinsu, masu ɗinki da 'yan aikin shago, suna taruwa ran Lahadi su yi tserensu, ana yi musu ihu. Kakar tata na cikinsu."

"Ta haihu?" na tambaya.

"Yo in ba ta haihu ba, daga ina madam ta fito?"

Mai shagon ya zaci farashi ne ya sa ni hawaye, ya yi ta danna kalkuleta yana ragewa.

Washegari da safe Hajiya ta raka ni lambun da tsofaffin Sinawa ke motsa jiki, ta riƙe mini jaka. Na ɗaure hijabi, na zagaya sau ɗaya, numfashi kamar zai ɗauke, tana ta yi mini kirari da Faransanci.

Har yau Allah bai ba ni haihuwa ba. Amma a lambun nan na daina ɗora wa kaina laifi, kuma ina kewar Hajiya sosai.