Ruwan Famfon Mai Jita

Wata Talata ce da bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare, 'yan kwanaki bayan sunan ƙanena. Ina tsaye bakin famfon da ke kan kwanar layinmu a Tudun Wada, na ja mayafi na rufe rabin fuska, yayata Ladi tana leƙen hanya kada wani ɗalibin Baba ya hango mu. Ƙarar ruwa a cikin garwar ƙarfe ji nake kamar har zaurenmu take kaiwa.

Famfon na Haladu Mai Jita ne, ɗan unguwarmu da ya zama mawaƙin zamani, ana sa waƙoƙinsa a rediyo, yana wasa a otal-otal na Sabon Gari. Da ya samu, sai ya sa aka jawo wa unguwa ruwa kyauta. Kowa ya yi murna ban da Baba, wanda malami ne mai karantar da manya a zaure. Ya tara mu ya rantse da Allah ya ce, "Abin da kiɗa ya kawo ba zai shiga randar gidan nan ba." Baba kuwa ba ya maimaita magana.

Sai rijiyarmu ta ƙafe, guga yana dawowa da taɓo. Ga Inna tana wankan jego safe da yamma, Gwaggo tana hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya tana tsoma ganyen darbejiya, kullum tana kiran a ƙaro ruwa. Rafin Kubanni aka ce mu riƙa zuwa ɗiba. Mu tafi kafin makaranta, mu koma bayan an tashi, gammo ya cinye mana tsakar kai, 'yar gala-gala ma muka daina. Duk da haka tukunya ba ta cika, ƙafafun Inna suka fara kumbura. Gwaggo ce ta raɗa mana mu bi ta famfo, mu ɗan shafa yashi a gindin garwa kamar daga rafi muke. Haka muka yi ta yi, har a butar alwalar Baba muna zubawa, gabanmu yana faɗuwa duk lokacin da ya kurkure baki.

A wannan Talatar wata mota ta tsaya, Haladu ya fito da wandonsa mai faɗin ƙafa. Ya ga ina kiciniyar ɗaga garwa, ya yi dariya ya ce, "'Yan matan Malam, wannan ai ta fi ku nauyi." Kafin mu ce uffan ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi gidanmu. Bai san da dokar Baba ba. Muka bi shi a baya, Ladi tana kuka ba sauti.

Karatu ya tsaya cak a zaure. Haladu ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga ruwan mai jego." Baba ya dubi garwar, ya dubi yashin da ke gindinta, sannan ya dube ni. Tsoro ya sa na sunkuyar da kai na bar bawan Allah shi kaɗai. Baba ya faɗa masa rantsuwarsa a gaban kowa. Haladu bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ni bututu kawai na saya. Ruwan ba nawa ba ne." Ina jiyo Gwaggo tana fasa itace a cikin gida. Can Baba ya ce, "Ku kai wa uwarku."

Bai doke mu ba, bai kuma sake zancen ba. Ya yi azumin kaffara. Amma daga ranar, kullum da asuba shi da kansa yake ɗaukar tulu ya gangara Kubanni ya ɗebo na alwalarsa, har damina ta sauka. Inna ta gama wankanta lafiya.

Yau jikokina suna nuna mini mawaƙa a waya suna raba shinkafa, wani yana ɗaukar hoto, mai karɓa yana ɓoye fuska. Ba na zagin kowa, mai yunwa ya ci. Sai dai nakan tuna mutumin da ya jiƙa rigarsa saboda matar da bai taɓa gani ba, aka muzanta shi a durƙushe, bai kuma rufe famfonsa ba. Har ya rasu, in na hango shi sai in sauya hanya don kunya. Ko sannu ban taɓa ce masa ba.